Shekarar da Na Bar Yaya Bello a Gaɓa

Na san abin da ake faɗa muku a tunga, ku 'ya'yana da ku 'ya'yan Yaya Bello. Ana cewa Shehu ya dawo daga Ikko da wayon Nasara, ya ture wansa daga jirgin ubansu, ya karɓe girman gida da rana tsaka. Na daɗe ina yi wa maganar kunnen uwar shegu, domin rabin masu yin ta ba su taɓa shiga ruwan da ya wuce musu gwiwa ba. Amma yanzu gemu ya yi fari fat, waɗanda suka ga abin da idonsu suna ta raguwa, don haka ku zauna in gaya muku yadda aka yi. Ba zan wanke kaina inda na yi datti ba, ba kuma zan ɗauki laifin da ba nawa ba don in faranta wa wani rai.

Ga waɗanda aka haifa a birni cikinku, tungarmu tana yamma da fadama, hanyar mota kuma tana gabas, wadda in ka hau ta ka yi hagu sai Tambuwal, ka yi dama sai Kebbe. Da rani akuya ma tana ƙetare fadamar. Amma da zarar marka ta kama, gulbi ya cika ya batse, sai ta koma ruwa shimfiɗe, wanda in mutum na tsaye a ɗaya gaɓar ba ka gane namiji ne ko mace. Wata huɗu cur babu mai zuwa kasuwa ko asibiti ko ɗaurin aure sai ta jirgi. Wannan shi ne fito, kuma tun zamanin kakanmu a gidanmu yake. Sai dai ba gado ba ne da za ka miƙe ƙafa a kansa. Al'adarmu ita ce, ranar da ruwa ya taɓa saiwar tsamiyar bakin mashigi, Sarkin Ruwa zai sa rana, kowane gidan masunta mai so ya fito da jirginsa da mutum ɗaya ko biyu, a yi tsere daga gaɓarmu zuwa giginyu ukun nan na gabas. Gidan da ya riga isa shi ake miƙa wa gorar fito ta wannan shekara, wata tsohuwar gora mai zoben tagulla, kuma babban gida, wato dattijon gidan, shi ne ke shiga ruwa ya karɓe ta da hannunsa. Sharaɗin ɗaya ne: ranar tsere ba a ɗaukar ɗan haya, ba a ɗaukar suruki, duk wanda zai shiga jirgi sai jinin gida.

Yaya Bello ya ba ni shekara tara. Da shi da mahaifinmu suka riƙe gorar nan ina can Ikko, bayan rasuwar tsoho kuma na dawo muka ci gaba ni da shi, shekara goma ba wanda ya ga ƙeyarmu sai daga nesa. Mutum ne wanda ruwa ke jin kunyarsa. Mutanen da ya tsamo daga gulbi da ransu sun isa su cika sahu a masallaci. Ba shi da yawan magana, ba shi da neman taimako, in ƙaya ta soke shi sai ka gani a tafiyarsa, ba dai ka ji a bakinsa ba. Ni kuwa kun san ni, bakina ya riga ƙafata isa ko'ina.

Abin da na yi a Ikko shi ne ya kawo duk wannan magana. Na yi shekaru ina aiki a wani wuri bakin ruwa inda masu hannu da shuni ke ajiye ƙananan jiragen tsere. Jirgi ne mai jiki biyu, kamar a ce komi biyu, wato ƙananan kwale-kwalenmu na su, aka jera aka haɗa da sanduna, aka shimfiɗa tamfol a tsakani. Ba inji, ba tuƙi, iska ce ke tura shi da zane. Aikina in ɗaura, in kwance, in wanke. Akwai babban zane na gaba, mara nauyi, wanda ba a ta da shi sai iska tana bayanka, kuma mutum biyu ke fama da shi. Wani tsohon Bature mai rowar magana, da matarsa ta gaji da jiƙewa ta daina bin sa, shi ya sa ni gaba muka yi ta gwaji har muka gyara jirginsa yadda mutum ɗaya zai ta da zanen nan, ya sarrafa shi, ya sauke shi, bai tashi daga mazauninsa ba. Ba na cika baki, amma kafin in bar wurin, duk mai son shiga ruwa shi kaɗai ni yake nema.

Shekarar da nake ba ku labari, ana cikin sharar gona, Yaya ya yanke jiki ya faɗi a masallaci bayan la'asar. Ya tashi, alhamdu lillahi, amma hannun hagu ya zama baƙo a jikinsa, ƙafar kuma sai ja. Maza cikinku a lokacin babbanku bai isa kaciya ba. Ga kuma gidan Ɗan Ige, waɗanda suka daɗe suna zuwa na biyu, da ƙarti biyu, Sani da Lawali, kowanne damtsensa ya kai cinyata. Ni na haura hamsin. Ko mahaukaci ya san in na shiga da filafilin tuƙi ni kaɗai, sai sun isa sun yi alwala kafin in kai rabi. Mutane har sun fara yi wa Ɗan Ige barka a kasuwa. Abin ya tsaya mini a rai, domin fito ba abinci ba ne kawai a wurinmu, shi ne sunan gidan. Sai wata rana ina tsaye bakin fadama, iskar damina ta buso mini a ƙeya, na tuna daga yamma take zuwa, wato daidai bayan mai nufin gabas. Na yi dariya ni kaɗai har wata mai tallan fura ta canza hanya.

Na jawo komi biyu sirara na gidanmu, na jera su, na haɗa da sandunan itacen turare guda biyu, na shimfiɗa katako mara nauyi a tsakani. Na kafa dogon turke a tsakiya, na ɗaure shi da waya ta gefe uku, na fitar da wata gora ta zarce gaban jirgin. Yadi kuwa na laima na samo a kasuwar Tambuwal, ja da ruwan ɗorawa, don shi kaɗai ke akwai. Na zana wa Hajara, matata, yadda za ta yanka a ƙasa da tsinke: kusurwa uku, tsakiya da tumbi. Ta daɗe tana kallon zanen, hannu a haɓa.

"Malam, wagga wace irin riga ta? Ba wuya, ba hannu, sai ciki awa na mai wata tara."

"Rigar iska ta, Hajo. Ke dai ɗinka."

"To iskar ta zaka ta gwada da kanta. Kak ka dawo ka ce ni na ɓata yadi."

Kwana shida kekenta na kuka a tsakar gida, kuma ɗinkin da ta yi ya fi na Ikko, wannan na faɗa a gabanta na faɗa a bayanta. Sauran aikin na igiya ne, kuma nan dabarar take. Na samo bututun roba mai faɗi na kwantar da shi a gaba, na goge bakinsa sumul don kada ya ci yadi. A cikinsa zanen ke kwana. Wani kafinta ya sassaƙa mini manyan kwarkwaro na katako, na zura musu ƙarfe, igiya na bi ta kansu tana gudu. Igiya ɗaya na zagaya da ita, kanta ɗaya a ƙololuwar zane ta bi ta saman turke, ɗayan kan kuma a wani faci da Hajara ta ɗinka a cibiyar zane ya bi ta cikin bututu, duka biyun suka dawo daidai inda nake zama. In na ja nan, zane ya fito ya hau. In na ja can, ya naɗe ya koma raminsa. Abin juya jirgi kuma babban filafili ne na ɗaure a baya, na yi masa dogon hannu ina danne shi da cinya, don hannuwana biyu su sami sarari.

Saura igiya ta biyu, wadda ke riƙe gefen zane, ita ce ke ƙayyade yawan iskar da zai sha. Ku saurara da kyau, domin duk labarin a kanta ya rataya. Mu masunta tun muna yara ake bugun hannunmu in muka yi ƙullin da ya zame. Taru da komar kamun kifi, jirgi a gaɓa, duk abin da ka ɗaure sakwa-sakwa ruwa ya ci shi. Mutum nagari a wurinmu shi ne wanda in ya ƙulla, sai wuƙa. To igiyar gefen zane ba a ɗaure ta, ko da wasa. A hannu take zama. In iska ta taso da ƙarfi sai ka sassauta, zane ya zubar da ita, jirgi ya miƙe. In ka ƙulle ta, ka ba iska wuyanka ke nan. Wannan shi ne abu na farko da aka koya mini a Ikko, kuma sai da na sha ruwan gishiri sau biyu kafin hannuna ya yarda.

Da labari ya bazu, Ɗan Ige ya kai ƙara wurin Sarkin Ruwa, aka kira ni. Tsohon yana zaune kan buzu yana gyaran ƙugiya, bai ko ɗaga kai ba.

"Ranka shi daɗe," in ji Ɗan Ige, "jirgi biyu na wanga, ba guda ba. Kuma iskag ga da za shi ɗauka, ɗiyar gidansu ta? Ai an ce ba a shiga da baƙo."

Sarkin Ruwa ya ce, "Ige, in za ka ƙetare da bijimin sa, ba jirgi biyu kaka haɗawa ba? Al'ada mutane taka ƙirgawa, ba katako ba. Iska kuwa ta Allah ta, ba ta da gida. Duk wanda ya iya kama ta, shi kama."

Na fito daga zauren nan ina ji kamar an riga an miƙa mini gorar. Abin da ban lissafa ba yana gida zaune kan tabarma yana jirana. Duk kwanakin da nake aikin nan Yaya yana kallo bai ce uffan ba, ni kuma na ɗauka ya gane. Ranar da ruwa ya isa gwaji sai ya kira ni.

"Yaushe za mu gwada shi?"

"Yaya, ai don mutum guda nig gyara shi."

"Hannu guda ba shi ɗaukar jinka, Shehu. Shekara talatin nika shiga ruwan ga ranar tsere. Ba ni zama gaɓa awa mai wanki."

Da na san abin da zai biyo baya da na cije tun a nan. Amma wana ne, shi ya koya mini iyo, shi ya goya ni a wuyansa ya ƙetare da ni ina yaro. Na ce to. Da hantsi muka tura jirgi, na zaunar da shi a tsakiya, na ba shi igiyar gefen zane a hannunsa na dama mai lafiya don ya ji yana da aiki. Sau uku na ce masa, riƙewa ake yi, ba a ɗaurewa, in ya ji ta yi masa nauyi ya miƙo mini. Ya ce ya ji.

Muna fita daga inuwar itatuwa na ja igiya, zane ya fito daga bututu ya hau, ya yi wata ƙara fau, ya cika. Jama'a, jirgin nan ya zabura. Ruwa ya fara tsagewa a hancin komi biyun, gaɓa na gudu baya. Na ji Yaya ya yi dariya, dariyarsa ta farko tun faɗuwarsa, har da kabbara. Daɗi ya kama ni, na mai da ido gaba ina duban hanya, na manta da shi. A nan ne hannunsa ya gaji. Maimakon ya faɗa, sai ya yi abin da hannun masunci ya sani: ya naɗa igiyar a sandar tsakiya, ya kama da haƙori, ya ƙulla da hannu ɗaya, ƙulli mai kyau irin wanda tsoho zai yaba. Ban gani ba sai da na hango ruwa ya yi duhu a bayanmu, alamar iska mai ƙarfi ta taso.

"Saki, Yaya! Saki igiya!"

"Kak ka damu, na ɗaure ta da kyau, ba ta zuwa ko'ina!"

Bai rufe baki ba iska ta iso. Hancin jirgi ya nutse, baya ya ɗaga sama, turke ya karye, muka kife. Da na taso ban gan shi ba. Na nutsa na lalubo shi ƙarƙashin yadi, yana bugun ruwa da hannu ɗaya yana juyawa wuri ɗaya. Na kama wuyan rigarsa na ja shi har inda ƙafa ke taɓa ƙasa. Ba mu yi nisa da mashigi ba, kuma mata cike suke a wurin suna wanki, har da matan gidan Ɗan Ige. Duk suka miƙe tsaye suna kallo an jawo Bello daga ruwa ta wuyan riga.

Yanzu ga nawa laifin, ku rubuta shi da babban baƙi. Na tsorata ƙwarai, kuma ni in na tsorata faɗa nake yi. Ban jira mun shanya riguna ba, ban jira mun keɓe a zaure ba. A tsakar gida, ga Hajara, ga Kulu matar Yaya tana tuƙa tuwo, ga ku kuna wasa a ƙasa, na buɗe baki.

"Yaya, ba ka sake shiga jirgin ga. Ni ɗai za ni tsere."

"Ni kaka hana ma jirgin ubana?"

"Sau uku nic ce kak ka ɗaure! In hannunka ya gaji, mi ya hana ka faɗi?"

"Ban taɓa ce ma kowa na gaji ba cikin ruwa."

"To ka ji gaskiya. Yanzu kai kaya na cikin jirgi, ba matuƙi ba."

Kulu ta saki muciya. Yaya ya dube ni, ya ja ƙafarsa ya shiga ɗaki, ruwa na ɗiga daga rigarsa. Da muka keɓe Hajara ta ce da ni, "Malam, gaskiya ka faɗi, amma gaban mata ka faɗe ta, kuma ka sa mata barkono." Na yi mata tsawa don na san ta fi ni gaskiya. Hukuncin da na yanke daidai ne, kuma ko yau aka mai da ni ranar, ba zan sake sa shi a jirgin tsere ba, domin gara ya yi fushi da ni yana numfashi. Amma kalmar nan ta kaya, da ana sayen magana a mai da ita ciki, da na sayar da gonata.

Ba a fafe gora ranar tafiya, don haka na haɗiye abin da ke raina na koma aiki. Na sake turke, Hajara ta ɗinke inda ya yage, na yi kwana tara ina fita ni kaɗai safe da yamma, har hannuna ya san kowace igiya ba sai na duba ba. Ranar tsere jirage biyar suka jeru, gaɓa ta cika maƙil har kan itatuwa. Aka buga ganga, Sani da Lawali suka fita kamar an harba su, sauran suka bi. Ni kuwa ina baya ina tuƙa katakon nan mai nauyi a hankali, domin itatuwan gaɓa sun tare iska. Dariya ta ɓarke. Na ji wani ya ɗaga murya, "Shehu, in shanya za ka yi, ga igiya nan gida!" Na gane muryar, kuma mai ita har yau in mun haɗu sai na tambaye shi labarin shanya.

Da na ji iska ta taɓa mini kunnen dama, na ajiye filafili, na danne na baya da cinya, na yi bisimilla na ja. Zane ya hau ya cika, dariyar gaɓa ta koma ihu. Na wuce jirgi na huɗu da na uku da na biyu kamar suna ɗaure a turke. A tsakiyar ruwa na cim ma 'ya'yan Ɗan Ige, gumi na zuba a bayansu, filafilansu na shiga ruwa tare suna fita tare. Wallahi sun iya tuƙi, ba zan rage musu ba. Lawali ya waiwayo ya ga jan yadi ya rufe masa sama, sai filafilinsa ya tsaya a iska. Na ce musu sannunku da aiki, na wuce. Sau biyu iska ta taso da ƙarfi, sau biyu na sassauta igiya, jirgi ya sunkuya ya miƙe. Da giginyu suka matso na ja ɗaya igiyar, zane ya naɗe ya shige bututu, jirgi ya sulala ya taɓa yashi. Na sauka, na wanke fuska, na gyara hula, sannan suka iso.

Sarkin Ruwa yana tsaye a ruwa zuwa gwiwa da gora a hannu, domin shi da manyan gidaje tun da safe ake ƙetarar da su su jira. Ya duba dama, ya duba hagu.

"Ina babban gida?"

Yaya bai zo ba. Na tsaya ina duban yamma ko zan hango wani jirgi ya taso, ruwa kuwa fayau ba kowa.

"Shehu, gora ba ta komawa gida hannuna. In gidanku ba mai amsa, ga na biyu nan tsaye."

Ɗan Ige har ya fara naɗe ƙafar wando. Sai na shiga ruwa na miƙa hannu biyu na karɓa. Abin da mutane suka gani ke nan, shi suke ba ku labari har yau: ƙane ya karɓi gora wansa na da rai. Ba su ga yadda na ɗauke ta a kafaɗa har zauren Yaya ba, na durƙusa na ajiye ta a gabansa na ce, "Yaya, mun ci." Ya dubi gorar, ya dubi bango.

"Kai ta ɗakinka. Wanda ya jiƙa wando shi ad da ita."

Fito ya zauna a gidanmu. Na ɗauki mutum biyu suna taya ni, tunda bayan tsere al'ada ba ta hana ba, zuwa gabas da zane in akwai iska, dawowa da gora. Mata masu zuwa kasuwa har rigima suke yi a kan wa zai shiga jirgin Shehu. Amma a gida an raba mana akushi, abin da ba a taɓa yi ba tun muna yara. Tsakanina da Yaya sai ina kwana, sai lafiya lau. Da aka yi rasuwa a Sanyinna ya zama dole ya je gaisuwa, sai ya aika aka roƙi Lawali ya ƙetarar da shi a ɗan kominsa na su. Ina tsaye a mashigi da jirgina ba kowa ciki, suka wuce ta gabana. Na ci tsere, na riƙe sunan gida, amma ranar nan na koma bayan tsamiya na yi kuka, ni da furfurata. Na je ba shi haƙuri sau biyu, ya ce ba komai, irin ba komai ɗin da ke rufe ƙofa.

Haka muka yi wata uku. Dawa ta fitar da kai, ruwa ya fara ja da baya amma bai ba da hanya ba. Wata safiya Kulu ta shigo sashenmu ba ko mayafi, ta ce ciwon ya dawo. Muka same shi kwance, baki ya karkace, magana na fita da ƙyar. Asibiti yana hayin gabas, kuma ba jirgin da ya kai nawa sauri. Ba wanda ya tsaya tambayarsa wane jirgi yake so. Muka ɗauke shi a tabarma muka shimfiɗa shi kan katakon tsakiya, Kulu ta zauna ta ɗora kansa a cinyarta, na tura. Iskar yamma a lokacin ta fara ƙarewa, wata rana ta zo wata rana ta ƙi, amma ranar Allah ya kawo ta. Na ja igiya, zane ya hau.

Ƙarar cikar zanen ce ta sa ya buɗe ido. Ya daɗe yana kallon yadin a samansa. Can sai na ga hannunsa na dama yana motsi, yana miƙowa wajena.

"Ba ni igiyag ga."

Kulu ta dube ni ta girgiza kai. Ni ma na san abin da hankali ya ce: ga mara lafiya, ga mace da ba ta iya ruwa ba, ga tsakiyar fadama. Na sa masa igiyar a tafin hannu, na rufe yatsunsa a kanta, ban ce masa ko kalma ɗaya ba game da ɗauri. Jirgi na tafiya, yana riƙe. Iska ta ɗan ƙaru, na ga ya sassauta kaɗan, ya sake ja, daidai yadda ake yi. Ashe duk kwanakin nan daga ƙofar zaure yana kallon hannuna. Muka wuce rabi. Jijiyar hannun ta tashi, igiya ta fara zamewa. Na ga idonsa ya sauka kan sandar tsakiya, tana nan dab da hannunsa. Bakina ya cika da magana, na cije leɓe har na ji gishirin jini. A rayuwata ban taɓa yin shirun da ya yi mini wuya kamar wannan ba.

"Shehu."

"Na'am, Yaya."

"Amshi. Na gaji."

Na miƙa hannu na karɓa, igiyar da ɗumin tafinsa a jikinta. Ya bar hannunsa a kan gwiwata har muka taɓa yashi. Kwana huɗu ya yi a asibiti, Allah ya karɓi abinsa, kuma ni ya ce in zauna kusa da kansa. Kulu tana nan da ranta, ku je ku tambaye ta.